Tambayoyi da amsoshi kan kurakuran sauya wa manhaja rumbun bayanai

Wanda ya ga watan Satumba na 2021 a Zamfara, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan amfanin ajiye manhaja a kwamfutar ofis. Makaranta ce, ko asibiti, ko shagon magani, ko ƙungiyar masu sayar da taki, in sabar, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, tana cikin gini, aiki na tafiya ko babu intanet. Sai dai duk wanda ya riƙe sabarsa da kansa, wata rana zai zo kan batun kwashe bayanai daga wani rumbu zuwa wani. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu kula da kwamfuta a Gusau, Ƙaura Namoda da Talata Mafara suka fi kawowa. Yawancinsu kan ƙaura ne daga rumbun SQLite ko na MySQL zuwa na PostgreSQL, don nan ne aka fi shan wuya.

Malam, dole ne ma sai na sauya?

Ba dole ba ne. SQLite fayil ɗaya ne tal, ba ya son hidima, kuma ya ishi ofishin da mutum biyu ko uku ke shigar da bayanai. Rauninsa shi ne mai rubutu ɗaya yake bari a lokaci guda. In malamai goma sha biyar suka zauna shigar da maki a makon ƙarshe na zango, sai ka fara ganin `database is locked`. Wannan dalili ne mai kyau na sauyawa. “Na ji an ce PostgreSQL ya fi” ba dalili ba ne.

Kafin komai, duba ko manhajar taka ta san rumbun da kake nufa. WordPress a hukumance MySQL da MariaDB kawai ya sani. Odoo da DHIS2 kuwa PostgreSQL kaɗai. Nextcloud, Gitea da Moodle suna karɓar fiye da ɗaya.

Na fitar da bayanai da mysqldump, na zuba a PostgreSQL, kuskure ya cika allo tun daga layin farko. Me ya faru?

Duk SQL suke ji, amma kowa da karin harshensa. Fayil ɗin mysqldump, kayan fitar da bayanai na MySQL, cike yake da abubuwan da PostgreSQL bai sani ba: `AUTO_INCREMENT`, `ENGINE=InnoDB`, `UNSIGNED`, da ƴar karkatacciyar alamar da MySQL ke kewaye sunan tebur da ita. Ko ka share waɗannan da hannu, sunayenmu za su kama ka. Sa'adatu, Shu'aibu, A'isha, Isma'ila, duk akwai ɗauri, wato alamar ', a cikinsu, kuma da wannan alamar ce SQL ke buɗe rubutu ya rufe. MySQL na kare ta da karkataccen layi, ya rubuta `Sa\'adatu`. PostgreSQL tun daga siga ta 9.1 ba ya ɗaukar wannan layin a matsayin kariya, `Sa''adatu` yake so. Saboda haka da ya iso kan Sa'adatu sai ya ɗauka rubutu ya ƙare a “Sa”, abin da ya biyo baya kuma umarni ne. Daga nan komai ya wargaje.

Kada ka zauna gyaran fayil da hannu. Fara da kayan aikin da manhajar ta zo da shi: Nextcloud na da `occ db:convert-type`, Django na da `dumpdata` da `loaddata`, Moodle na da sashen kwashe rumbu a shafin mai gudanarwa. Su suka san fasalin teburorinsu. In babu, sai pgloader, wanda ke karantawa kai tsaye daga MySQL ko SQLite ya rubuta a PostgreSQL, yana juya nau'in gurabe a hanya. Masu Django su cire `contenttypes` da `auth.permission` wajen fitarwa, don sabon rumbun ya riga ya ƙirƙiri nasa, kuma za su yi karo.

Haruffan ƙ, ɗ da ɓ sun koma wasu alamomi. Sun lalace ke nan?

Ya danganta da abin da kake gani, kuma a nan ya kamata a tsaya a duba da kyau kafin a taɓa komai.

In “Ƙaura” ta koma wani abu mai Æ a gaba, ko ƙ ta zama Æ™, ɗ ta zama É—, ɓ ta zama É“, alamar naira kuma ta zama â‚¦, to da sauƙi, ba abin da ya ɓace. A tsarin UTF-8 kowane harafi mai lanƙwasa bayit biyu ne. Ƙaramar ƙ ita ce C6 da 99. Wani wuri a hanya an karanta bayit biyun ɗaya bayan ɗaya da tsarin latin1 na MySQL, inda C6 ke nufin Æ, 99 kuma ™. Abin da ya fi jawo haka shi ne tsohuwar manhaja da ta shekara tana zuba UTF-8 a teburin da aka kafa da latin1. Tunda ta hanyar da ta zuba take ɗebowa, ba wanda ya lura. Sai ranar ƙaura, kayan kwashewa ya gaskata abin da teburin ya faɗa game da kansa, ya juya rubutun a karo na biyu.

Hanyar tabbatarwa ita ce ka leƙa bayit ɗin kansu a MySQL da `SELECT suna, HEX(suna)` kan sunan da ka san akwai ƙ a ciki. In ka ga C699, rubutun lafiya yake, lakabin teburin ne ƙarya. Sai ka fitar da `mysqldump --default-character-set=latin1 --skip-set-charset`, wato ka hana shi juya komai, ka sauya latin1 zuwa utf8mb4 a bayanin teburorin, ka sake zubawa. In ka ga C386E284A2, an riga an juya sau biyu, sai an warware sau ɗaya. In kuwa 3F ka gani, alamar tambaya ce ta gaske aka ajiye, harafin ya tafi. Babu umarnin da zai gane ko ƙ ce ko ɗ ce a da. Sai dai a koma tsohon kwafi.

Akwai wani tarko dabam a MySQL. Abin da ya daɗe yana kira utf8 ba cikakke ba ne, bayit uku ne iyakarsa. Haruffanmu da alamar naira suna shiga, amma ƴan fuskokin da ake liƙawa a saƙon waya bayit huɗu ne, sai ka ga `Incorrect string value` da `\xF0\x9F` a gaba. Cikakken shi ne utf8mb4, wanda ya shigo a 2010, ya zama na asali a MySQL 8.0 a 2018.

Mai aiki a Windows kuma ya kiyayi fitar da fayil da alamar `>` a tsohon PowerShell, don UTF-16 yake rubutawa, fayil ɗin ba zai zubu ba. A yi amfani da `--result-file`.

Komai ya shiga lafiya, amma da na zo ƙara sabon ɗalibi sai `duplicate key value violates unique constraint`.

Wannan shi ne ya fi kowanne yawa, kuma ya fi sauƙin gyara. Kamar ka ƙarar da littafin rasit a lamba 4,000 ne, aka kawo maka sabo da ya fara daga 1. PostgreSQL na da maƙirgi na dabam ga kowane tebur, shi ke ba sabon layi lamba. Da aka zubo tsofaffin layuka da lambobinsu, ba a bi ta kansa ba, yana nan a farko. Sai ya ba sabon ɗalibi lamba 1, alhali tana da mai ita. Ga gyaran:

`SELECT setval(pg_get_serial_sequence('dalibai','id'), (SELECT MAX(id) FROM dalibai));`

A yi wa kowane tebur, ba wanda ya yi ƙara kaɗai ba. Django na fitar da umarnin gaba ɗaya da `sqlsequencereset`, pgloader kuma yana yi da kansa.

Me ya sa PostgreSQL ke ƙin bayanan da tsohon rumbun ya shekara yana riƙe da su ba ƙorafi?

Saboda tsohon ba ya dubawa. Ni a ganina rabin abin da ake kira matsalar ƙaura, tsohon datti ne da ba a taɓa tonawa ba.

SQLite ba ya tilasta nau'in gurbi. Ka ce gurbin lamba ne, akawu ya rubuta “babu” ko “zai kawo gobe”, zai karɓa. Ka ce haruffa 50 ne iyaka, a zuba 300, zai karɓa. Sai a 2021 aka ƙara masa teburori masu tsanani, kuma sai ka nema. MySQL shi ma a da yana karɓar 0000-00-00 a matsayin kwanan wata. Duk inda aka yi wa majinyaci rajista bai san ranar haihuwarsa ba, wannan za ka tarar. PostgreSQL zai ce `date/time field value out of range`, don babu wata na sifili a kalanda. Mayar da su NULL, kuma ka tabbata gurbin ya yarda a bar shi fanko. Kada ka cike da 1 ga Janairu don kawai kuskure ya tafi, gobe wani zai ɗauka ranar gaske ce.

Lambar waya ma na kawo `integer out of range`. Gurbin integer a PostgreSQL yana tsayawa a 2,147,483,647. Lambar wayar Nijeriya, ko an cire sifilin farko, ta haura biliyan bakwai. Wasu sai su mayar da gurbin bigint su wuce. Kuskuren zai tafi, amma sifilin ba zai dawo ba. Lambar waya, NIN da BVN ba abin lissafi ba ne, ba wanda zai tara su ko ya raba, don haka gurbin rubutu ya dace da su. Waɗanda sifilinsu ya riga ya faɗi, a mayar musu da shi kafin ƙaura.

Sai e da a'a. MySQL da SQLite na ajiye su da 1 da 0, PostgreSQL na da nau'insa na musamman, kuma zai ce `is of type boolean but expression is of type integer`. A nan pgloader na mayar da duk `tinyint(1)` zuwa e ko a'a. Ka duba, don akwai masu rubuta manhaja da ke ajiye zango na 1, 2, 3 a irin wannan gurbin.

Gyaran duk waɗannan a kwafin tsohon rumbun ake yi, sannan a sake kwashewa. Sassauta dokokin sabon don dattin ya samu shiga ɓata wahala ne.

`violates foreign key constraint` fa?

Marayun layuka ne. An goge ɗalibi, amma biyan kuɗinsa da makinsa suna nan suna nuna lambar da babu kowa a kanta. SQLite ba ya kula da wannan alaƙar sai an kunna masa `PRAGMA foreign_keys = ON`, teburorin MyISAM na tsohon MySQL kuwa ba su san ta ba sam. A SQLite, `PRAGMA foreign_key_check` zai jero maka su.

Kada mai kwamfuta ya goge su shi kaɗai, musamman in kuɗi ne. Buga jerin a takarda, ka kai wa akawu ko shugaban makaranta, su faɗi abin da za a yi. In ka share, jimillar kuɗin shigar bara za ta sauya, kuma kai za a tambaya.

Yana cewa `relation does not exist`, ga teburin kuwa ina kallo.

Abu biyu ne. PostgreSQL na mayar da duk sunan da ba a sa wa alamar zance ba zuwa ƙananan haruffa. In an ƙirƙiri tebur da suna "Dalibai" cikin alamar zance, manhaja ta nemi Dalibai haka kawai, dalibai zai nema, ba zai samu ba. Na biyu, pgloader kan zuba teburorin MySQL a wani sashe mai sunan tsohon rumbun, manhaja kuma tana dubawa a `public`. `\dt *.*` a psql, tagar buga umarni ta PostgreSQL, zai nuna inda suke. Ko ka sauya sunan sashen, ko ka gyara `search_path`.

Mai ɗauke MySQL daga Windows zuwa Linux shi ma zai gamu da irinsa, don a Linux babban harafi da ƙarami a sunan tebur ba ɗaya ba ne.

Manhajar ta kasa haɗuwa da sabon rumbun gaba ɗaya.

Karanta saƙon, kowanne da inda yake nuni. `Connection refused` na nufin ba a ma kai ga rumbun ba: ko bai tashi ba, ko ka bar ƙofar MySQL ta 3306 a saiti alhali ta PostgreSQL 5432 ce, ko `listen_addresses` na kan localhost. `no pg_hba.conf entry` na nufin an kai, amma ba a ba wannan kwamfutar izini ba. A Docker, inda kowace manhaja ke zaune a cikin akwatinta, localhost na nufin cikin akwatin manhajar kanta, sai ka sa sunan akwatin rumbun. Kuma kalmar sirrin da ka rubuta a `POSTGRES_PASSWORD` ranar farko kaɗai take aiki, lokacin da ma'ajin ke fanko. Sauya ta a fayil daga baya ba ya sauya komai a ciki.

`permission denied for schema public` kuwa daga PostgreSQL 15 ya fara, wanda ya fito a Oktoba 2022. An daina barin kowane mai amfani ya ƙirƙiri tebur a `public`. Shi ya sa umarnin da aka rubuta kafin lokacin ba sa aiki yanzu. `ALTER DATABASE` da `OWNER TO` zai mallaka wa asusun manhajar rumbun, shi ke nan.

Ba kuskure ko ɗaya da ya fito. Na gama ke nan?

Tukuna. Kuskuren da ya fito a allo ya taimake ka, tunda ya faɗi inda yake. Wanda ke ba ni tsoro shi ne wanda ya yi shiru.

Na farko, bincike. A MySQL, da saitinsa na asali, musa da Musa ɗaya ne. A PostgreSQL ba ɗaya ba ne, har a `LIKE`. Ma'aikaciyar kati za ta rubuta suna da ƙaramin harafi, ba ta ga kowa ba, ta buɗe wa majinyaci sabon kati, tsohon tarihinsa na can gefe. Mai shiga da imel ɗin da ya fara da babban harafi shi ma zai ce an kulle masa asusu. Maganin shi ne `ILIKE` ko gurbin `citext`. A gwada da suna mai Ƙ, don in an kafa rumbun da saitin harshe na C, bai san Ƙ da ƙ harafi ɗaya ba ne.

Na biyu, lokaci. Agogon Nijeriya na gaban UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya duk shekara. Gurbin DATETIME na MySQL ba ya riƙe yankin lokaci. In an kwashe shi a sabar da ke kan UTC, za a ɗauka agogon UTC ne, a ƙara masa awa wajen nunawa. Maganin da aka sayar ƙarfe 11:30 na daren 31 ga wata ya koma 12:30 na 1 ga sabon wata, rahoton wata biyu ya goce. Sa yankin lokaci a Africa/Lagos kafin kwashewa, sannan ka ɗauki rasit ɗaya na takarda ka gwada shi da abin da allo ya nuna.

Na uku, kuɗin da aka ajiye a gurbin float na iya bambanta da kwabo ɗaya ko biyu a jimilla. `numeric` ne gurbin kuɗi. Sannan jerin sunayen da aka saba gani a tsare na iya hargitsewa, don PostgreSQL bai yi alkawarin wani tsari ba in ba a ce `ORDER BY` ba.

Akwai kuma abin da ba ya cikin rumbun tun asali: hotunan fasfo, takardun da aka loda, da mabuɗin sirrin manhaja, irin `APP_KEY` na Laravel ko abin da ke cikin `config.php` na Nextcloud. In ka kafa sabuwa da sabon mabuɗi, duk abin da aka kulle da tsohon ba zai buɗu ba.

An ɗauke wuta ana tsakiyar kwashewa. In ci gaba daga inda ya tsaya?

A'a. Goge sabon rumbun, ka sake daga farko. Shi ya sa ba a taɓa tsohon, a kwafinsa ake aiki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yi gwaji a wata kwamfuta tun kafin ranar, ka ga minti nawa yake ci, sannan ka san ko batirin inbata zai kai ko sai an tada janareta. Ga makaranta, hutun ƙarshen zango ya fi. Wajen zubawa da psql, sa `--single-transaction` da `-v ON_ERROR_STOP=1`. In ba haka ba, psql na tsallake kuskure ya ci gaba, ya bar ka da rumbu rabi da rabi mai kama da cikakke. In kuma allo ya cika da `current transaction is aborted`, hau sama ka nemo kuskuren farko, sauran duk ƴan rakiya ne.

Wajen kwafin SQLite a yi hattara. In akwai fayil mai ƙarewa da `-wal` kusa da shi, sabbin bayanai na iya kasancewa a can. Tsayar da manhajar, ka yi amfani da `.backup`, sannan `PRAGMA integrity_check`. Kwamfutar da wuta ta sha ɗaukewa tana aiki, gara a duba lafiyar fayil ɗinta kafin a ɗora laifi kan kayan kwashewa.

Daga MySQL zuwa MariaDB ai ba matsala, tunda asalinsu ɗaya?

A 2009 MariaDB ya balle daga MySQL, kuma tun daga nan kowa ya kama hanyarsa. Ta fayil ɗin mysqldump yawanci ana wucewa lafiya. Abin da ya fi tarewa shi ne `Unknown collation: utf8mb4_0900_ai_ci`, wanda tsofaffin sigogin MariaDB ba su sani ba, sai a musanya shi da `utf8mb4_unicode_ci`. Kwafe babban fayil ɗin bayanan MySQL 8 kai tsaye zuwa MariaDB kuwa, kada ma a fara.

Bayan ƙaura manhajar ta yi nauyi.

Gudanar da `ANALYZE` tukuna, don sabon rumbun bai san girman teburorinsa ba. In bai sauya ba, gwada fihirisar tsohon da ta sabon, wataƙila wasu ba su ƙetaro ba.

Zan iya tura fayil ɗin a zauren WhatsApp a taimaka mini?

Kada ka tura. Sunayen ƴaƴan mutane ne a ciki, da lambobin iyayensu, ko cututtukan majinyata. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta hau kan duk mai riƙe da irin wannan. Tura saƙon kuskuren farko kamar yadda ya fito, da sigar rumbunan biyu, da umarnin da ka buga, bayan ka share kalmar sirri. Mai taimako abin da yake buƙata ke nan.

Yaushe zan goge tsohon?

Ƙirga layukan kowane tebur a ɓangarorin biyu da `COUNT`. Tara kuɗin kowane wata da `SUM` ka gwada. Buɗe katin mutum goma da idonka, ka zaɓi masu ɗauri da lanƙwasa a suna, da wanda ba shi da ranar haihuwa. Ƙara sabon layi a kowane sashe na manhajar, ka gyara, ka goge. Daga ranar da aka koma sabon, a rufe tsohon yadda ba mai iya rubutu a ciki, don in wani ya ci gaba da shigar da bayanai a can, haɗa su daga baya aiki ne ja.

Bar tsohon har sai an fitar da rahoton ƙarshen wata, ko sakamakon zango, daga sabon, akawu ya sa hannu. Bayan nan ma a ajiye kwafinsa a faifai biyu, ɗaya a wajen ginin, tare da takarda mai ɗauke da sigar rumbun da ta manhajar da ke iya buɗe shi.